Darasi: Gudummuwar Masu-bi a Ranar Masifa

Karatu: Ayukan Manzanni 11:27-30, 1 Korinthiyawa 16:1-4, 2 Korinthiyawa 8:1-24.
Ayar haddacewa: 2 Korinthiyawa 8:9.

A zamanin Klaudiyus, wanda ya ci sarautar Rum daga shekara ta 41 zuwa ta 54, aka yi babbar yunwa a ƙasar Yahudiya. Luka ya gaya mana wani annabi mai suna Agabus ya faɗa tun ba ta zo ba, almajirai na Antakiya kuwa suka tara abin da su ke iyawa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, shi ma ya ambaci yunwar nan. Ya ce Helena, sarauniyar Adiyabin, ta sayo hatsi daga Iskandariya da busasshen ɓaure daga Kubrus ta rarraba a Urushalima. Mu lura fa, mutanen Antakiya yawancinsu ba su taɓa ganin waɗanda suka yi wa aiken ba. Ba dangi ba ne, ba kuwa harshensu ɗaya ba.

Domin mu ga abin da wannan ke nufi a zamaninmu, bari mu ɗauki misalin guguwar teku. Iska ce wadda ta kan tashi bisa ruwa mai ɗumi, tana juyawa, gudunta kuwa ya kan kai mil 74 cikin sa'a ɗaya ko fiye. Lokacinta a Tekun Atlantika daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Mai-karatu zai yi mamaki in ya ji da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin damina ne da ke ratsa ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ya nufi yamma, har ya faɗa teku ya ƙasaita. Hadarin da ya shayar da gerommu ya yiwu bayan mako biyu ya yaye jinkar wani a ƙetaren teku.

Ran 29 ga Agusta 2005 wadda aka sa wa suna Katrina ta faɗa wa jihar Louisiana ta Amurka. Birnin New Orleans yana cikin kwari, an kange shi da madatsai. Madatsan suka fashe, ruwa ya rufe wajen kashi 80 cikin 100 na birnin, mutane fiye da 1,300 suka halaka a yankin.

Ekklesiyoyi ba su jira ranar nan kafin su fara shiri ba. Metodis suna da ƙungiyar taimako mai suna UMCOR tun 1940. Bayan guguwar Andrew ta 1992 suka mai da wata tsohuwar makaranta, Sager Brown, a garin Baldwin na Louisiana, wurin tara kaya, a 1996 kuma suka buɗe babban rumbu a can. Wannan ya yi daidai da umurnin Bulus ga Korinthiyawa, cewa kowa ya riƙa keɓe wani abu ran fari ga mako, kada sai ya iso a tashi neman kuɗi a gaggauce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me suka tara? Mun ga ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, gama abin yana da koyarwa. Ɗaya daga cikin kayan da aka fi bukata shi ne bokiti mai cin galan 5, da murfinsa. A ciki akwai sabulun wanki, da buroshi, da soso, da safar hannu, da igiyar shanya, da maganin sauro, da jakunkunan zuba shara, da abin rufe hanci. Ba kyauta ce mai ƙayatarwa ba. Amma sa'anda ruwa ya janye, abin da ya kan bari laka ce da ɗoyi, bango kuma ya fara funfuna cikin kwana biyu ko uku. Matar da ta komo gidanta ta tarar da haka, bokitin nan ya fi mata tufafi masu ado. Kowace ekklesiya a kan ba ta jerin abin da za ta sa, a ce kada ta ƙara, kada ta rage, domin mai-rabo ya san abin da ke cikin kowane bokiti ba sai ya buɗe ba.

Dalilin dokar nan mai ɗaci ne. Bayan guguwar Mitch ta 1998, wadda ta kashe dubban mutane a Honduras da maƙwabtanta, masu aikin taimako suka ba da labarin tsofaffin tufafi da aka aiko tuli, har da rigunan sanyi masu kauri, zuwa ƙasa mai zafi. Kayan suka tare wurin da ya kamata a sauke magani da abinci, aka kuma ɗebe ma'aikata daga ceton rai aka sa su tsince-tsince. Masu aikowa da zuciya ɗaya suka yi, ba mu musu. Duk da haka a ganimmu wanda ya kwashe abin da ya gaji da shi ya kira shi sadaka, ɗakinsa ya share, ba ɗan'uwansa ya taimaka ba. Ku duba 2 Korinthiyawa 8:14. Ma'aunin Bulus a wurin rashin mai-karɓa ne. Kalmar Helenanci da ya yi aiki da ita, isotes, ma'anarta daidaitawa, ya kuma kawo labarin manna daga Fitowa 16 domin ya bayyana ta. A aya ta 4 ya kira gudummuwar koinoniya, watau tarayya, kalmar da ya ke amfani da ita ga Jibin Ubangiji a 1 Korinthiyawa 10:16. Saboda haka ƙungiyoyin taimako su kan ce sau da yawa kuɗi ya fi kaya, gama da shi a kan sayi abin da a ke bukata kusa da wurin, 'yan kasuwan da masifa ta shafa su ma su sami ciniki.

Sai zancen amana. Bulus manzo ne, amma bai yarda ya ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗayansu ekklesiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi (8:18-22). In manzo ya nemi shaidu, ina dattijon da zai ji haushi don an ce a ƙirga buhunan a gaban mutum biyu a rubuta? Gudummuwa ɗaya da ta salwanta a hannun mai-riƙo ta kan rufe hannuwan jama'a shekaru da yawa, sunan Ubangiji kuma ya sha reni a bakin waɗanda ke waje.

Kada wani ya ce wannan aikin mawadata ne na Amurka. Ekklesiyoyin Makidoniya, watau su Filibi da Tassalunika, suna cikin tsanani da talauci ƙwarai sa'anda suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu.

Tambayoyi domin ajin:

1. Don me Bulus ya ce a tara tun bai iso ba?
2. In ambaliya ta ci wani gari kusa da ku, wa za ku tambaya kafin ku aika da kaya?
3. Mutum nawa ke ƙirga baiko a ekklesiyarku, wa kuma ya zaɓe su?