Kafin A Zargi Rediyon Jirgi, A Bi Hanyar Sauti Daga Baki Zuwa Eriya

Mu masu gyaran kayan sadarwa na ƙananan jiragen sama mun saba da ƙorafi guda ɗaya: rediyo ya lalace. Da wannan maganar matuƙi kan zo, ko jirginsa Cessna 172 ne mai kujera huɗu, ko ɗan ƙaramin jirgin shaƙatawa mai injin Rotax, kuma kafin ya iso ya riga ya yanke shawarar sayen sabon rediyo. Abin da aiki ya koya mana shi ne akwatin rediyon da ke gaban matuƙi ya kamata ya zama na ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi. Muryar matuƙi tana bin doguwar hanya kafin ta kai kunnen mai kula da hasumiya. Daga makirfo za ta shiga wayar hedifon, ta bi ta soket da maɓallin magana da intakom, ta isa rediyo, sannan ta fita ta wayar eriya zuwa eriya, kuma duk wannan yana dogara ne a kan batir da wayar at, wato wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin jirgi. Akwatin rediyo a rufe yake, an ɗaure shi wuri ɗaya. Sauran kayan kuwa su ne ake ja, ake takawa, ake naɗewa, su ke shan zufa da ƙura da rana da girgizar inji. Don haka hanyar gano matsala ita ce a fara daga abu mai araha da ke hannu, a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a yi hakan a ƙasa.

Matakin farko bai buƙatar ko sukudireba, tambaya ce kawai: matsalar a wajen ji take, ko a wajen magana, ko duka biyun? Amsar tana raba aikin gida biyu. Matuƙin da yake jin kowa amma ba a jin sa ya san kunnuwan hedifon suna aiki, eriya ma tana kama wani abu, sai hankali ya koma kan makirfo da maɓallin magana da ƙarfin batir, domin aika magana yana jan wuta fiye da sauraro nesa ba kusa ba. Batir mai rauni yakan riƙe rediyo yana sauraro lafiya lau, da an danna maɓalli sai ya durƙushe. Idan mai sauraro ya ce yana jin an danna maɓalli amma babu murya, to rediyon yana aikawa, layin makirfo ne ya katse. Idan kuma fasinja yana jin matuƙi ta intakom sarai, makirfon ya kuɓuta daga zargi. Sannan akwai ma'aunin da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tsara na ingancin ji daga 1 zuwa 5, inda 1 ke nufin ba a fahimtar komai, 3 ana fahimta da ƙyar, 5 kuma tangaram. Matuƙin da ya ce ana ba shi 5 a ƙasa da inji a kashe, ana ba shi 2 a sama, ya riga ya yi wa mai gyara rabin aiki.

Hedifon shi ne wurin da ya fi cancanta a fara dubawa, kuma gwajinsa mafi sauƙi shi ne musanya: a ɗauki na fasinja a cusa a soket ɗin matuƙi, a kai na matuƙi wancan gefen. Idan matsalar ta bi hedifon, an gama magana, idan ta tsaya a kujera ɗaya, soket ne ko wayarsa. Hedifon na ƙananan jirage kawuna biyu gare shi, mai kauri na milimita 6.35 don kunne, da siriri na kusan milimita 5.2 don makirfo, kuma tagullar da ke jikinsu tana dusashewa har ta hana wuta wucewa, abin da gogewa da tsumma mai tsabta ke magancewa. Akwai ɗan maɓalli a jikin waya mai zaɓa tsakanin mono da sitiriyo, wanda idan bai dace da tsarin jirgin ba sai a ji sauti a kunne ɗaya. Makirfon waɗannan jirage yana buƙatar 'yar wuta daga rediyo ko intakom kafin ya yi aiki, shi ya sa hedifon na jiragen soja, mai makirfo irin dabam, ba ya magana a Cessna sai da na'urar daidaitawa. Shi makirfon an ƙera shi ya yi watsi da ƙarar da ke zuwa daga nesa, saboda haka dole ya kusan taɓa leɓe, fuskarsa ta gaba tana kallon baki. In ya yi nisa da yatsa biyu, ko soson da ke kansa ya yage, muryar mutum ma sai ta zama ƙarar nesa.

Idan hedifon ya tsira, sai a saurari ita kanta ƙarar, domin kowace ƙara tana faɗin inda ta fito. Rediyon jiragen sama yana aiki ne tsakanin megahaz 118 da 137 a tsarin AM, tsarin da ke ɗaukar duk wani tartsatsin lantarki da ke kusa. Siririn kuka da ke tashi yana sauka tare da gudun inji daga altaneta yake, kuma kashe altaneta na ɗan lokaci a ƙasa zai tabbatar da haka. Ƙas-ƙas mai sauri da ke bin gudun inji daga tsarin kunna wuta yake, wato fulogi da wayoyinsa. Yawancin waɗannan injuna layin kunna wuta biyu gare su, to idan aka koma kan layi ɗaya lokacin gwajin inji ƙarar ta ɗauke, laifin yana layin da aka kashe. A injunan Rotax masu bugu biyu, fulogi ko hularsa da ba su da abin rage tartsatsi sanannen tushen wannan ƙara ne. Ƙyas-ƙyas mai zuwa a kan ƙa'ida, ba ruwansa da inji, yawanci fitilar walƙiya ce ta fiffike. A 'yan shekarun nan kuma an samu sababbin masu laifi: cajar waya mai araha da fitilun LED marasa inganci, waɗanda ke cika rediyo da shuu har su danne muryoyin nesa. Cire caja daga soket bai kai daƙiƙa biyu ba, amma ya isa ya hana a kashe kuɗin sabon rediyo.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne eriya, domin tana waje, ba a gaban ido ba. Eriyar da aka fi sani sanda ce mai tsawon kusan santimita 55 zuwa 60, kuma rabin aikin take yi, ɗaya rabin ƙarfen jikin jirgi ke yin sa. Tsatsa ko fenti a tsakanin gindinta da jikin jirgi yana rage nisan zango ba tare da an ji wata ƙara ba. Jiragen da aka yi da katako da yadi ko da zaren gilas ba su da wannan ƙarfe, sai an shimfiɗa musu faranti ko zirin tagulla a ƙarƙashin eriya, ko a sa musu eriyar da ba ta buƙatarsa. Wayar eriya kuma tana tsufa, mahaɗinta yana saki, ruwa yana shiga. Alamar wannan ciwo ita ce ana ji da kyau a kusa da fili, da an yi nisa sai shiru. Sai dai a san iyakar abin: saƙon wannan rediyo yana tafiya ne a miƙe kamar gani, jirgin da ke ƙafa 1,000 ba zai wuce kusan kilomita 70 tsakaninsa da tashar ƙasa ba ko da komai nasa lafiya yake, dutse kuma yana tare shi. A Turai ma, tun 2018 aka wajabta rediyo mai tazarar kilohaz 8.33 a kan yawancin jirage, tsohon rediyo mai tazarar 25 ba zai iya kama wasu tashoshin ba, alhali ba abin da ya same shi.

Wani zai ce matuƙi ba injiniya ba ne, ya kai jirgi wurin gwani ya huta. Gaskiya ne cewa yanke waya da sauya soket da taɓa eriya a jirgi mai rajista aikin injiniya ne mai lasisi, haka dokar FAA take a Amurka, haka ta EASA a Turai, haka ta NCAA a Najeriya, kuma wannan rarrabewar ake koya wa ɗalibai a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Amma lura da alama ba gyara ba ne. Mai gyara yana samun jirgi ne a rumfa, inji a kashe, babu girgiza, babu iska, kuma yawancin waɗannan matsaloli a irin wannan yanayi suke ɓuya. Matuƙi kaɗai ya san a wane gudun inji ƙarar ke farawa, da wace fitila aka kunna, a wace tasha, a wane tsawo. In bai kawo wannan bayani ba, an bar mai gyara da lalube, kuma kuɗin laluben daga aljihun mai jirgi zai fito.

Wani kuma zai ce a sayi hedifon mai tsada irin Bose ko Lightspeed, ko a ɗaura matatar ƙara, a wuce wurin. Waɗannan hedifon suna da amfani ƙwarai wajen kare kunne daga rugugin inji, amma ƙarar da ke zuwa ta iska suke ragewa. Wadda ta shigo ta waya za su kai ta kunne da kyau fiye da na da. Matata kuma tana iya rufe kukan altaneta alhali kukan gargaɗi ne cewa wani sashe na altanetar ya fara mutuwa, ko wayar at ta saki. Ruwa ba ya tsami banza. Haka nan gaskiya ne cewa wani lokaci rediyon ne da kansa ya lalace, amma wanda ya bi hanyar daki-daki zai isa ga wannan hukunci da hujja, wanda ya fara da sauya rediyo kuwa yakan ɗaura sabo a kan tsohuwar eriya mai ciwo, ya koma sama da matsalarsa.

Masu tashi daga ƙananan filaye marasa hasumiya sukan ɗauka rediyo ado ne. A irin waɗannan filaye ne ma ya fi zama dole, domin babu mai raba jirage sai sanarwar da matuƙa ke yi wa junansu. Kuma lalacewar rediyon mutum ɗaya tana iya shafar kowa: a tsarin AM, idan biyu suka yi magana lokaci guda sai muryoyin su haɗu su zama ƙuwwa, maɓallin da ya maƙale kuma yana toshe tashar baki ɗaya. Irin wannan karon muryoyi yana cikin abubuwan da suka haddasa hatsarin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka rasu. Idan rediyo ya ɗauke a sama, doka ta riga ta tanadi mafita: a sa lamba 7600 a na'urar da ke nuna jirgi a rada, a ci gaba da sanarwa ko da ba a jin amsa, a lura da fitilar hasumiya, kore tsayayye izinin sauka ne, ja mai ƙyaftawa kuma kada a sauka. Abin da bai halatta ba shi ne matuƙi ya sunkuyar da kai yana laluben waya. A 1972 wani babban jirgin Eastern Air Lines ya faɗi a fadamar Florida yayin da ma'aikatansa suka shagala da ƙwan fitila guda ɗaya.

Saboda haka, ya kai matuƙi, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada rediyonka kafin ka bar wurin ajiye jirgi, ka sake gwadawa bayan inji ya tashi, ka ajiye hedifon na biyu da rediyon hannu mai cikakken caji a inda hannunka zai kai. Duk ƙarar da ka ji, rubuta lokacin da take zuwa da abin da ke kunne a sa'ilin, ka miƙa wa injiniyanka kafin tashi na gaba.