Me Ke Samun Ƙwaƙwalwa Idan Jini Ya Ragu?

Wata mai sauraro daga Dungass ta tambayi dalilin da wasu yara ke daina magana bayan masassarar cizon sauro mai tsanani.

To, Hajiya, ƙwaƙwalwa na cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar suka manne a ƙananan jijiyoyinta, jini ya kasa ratsawa, cikin 'yan mintuna ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan fara mutuwa, kuma akasarinsu ba sa sake tsirowa.

Shi ya sa wasu yara ke daina magana. Da damina kuwa, lokacin masassarar cizon sauro, sashen yara na asibitin Magariya kan cika. Yaron da ke jijjiga ko ya suma, a garzaya da shi asibiti nan take.