Tambaya da Amsa: Gansakuka Ta Mamaye Hasumiyar Sanyaya Ruwanmu, Ko Za a Iya Korar Ta Ba Tare da Magani Ba?

TAMBAYA

Ni ke kula da injuna a wata masana'antar ƙanƙara a nan cikin garin Sakkwato. Muna da hasumiyar sanyaya ruwa a bayan gini, ita ke ɗauke wa kwandensa zafi. Da bazara ta kama sai gansakuka ta rufe ta, kore shar. Mu wanke yau, kafin sati biyu ta dawo. Bakunan feshi su toshe, kwamfuresa ya ɗau zafi, ƙanƙara ta ƙi kamawa a kan lokaci, dizal kuma yana ta tafiya. Maganin da muke zubawa ya yi tsada. Bayan haka, ruwan da muke zubarwa yana gangarawa wani lambu, awaki da tumakin maƙwabta ma suna sha, maigidana kuwa ya ce ba ya son ɗaukar alhakin kowa. Kwanan nan an kawo mana tallar wata na'ura mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututu, an ce da ita an rabu da magani har abada. Shin akwai hanyar korar gansakuka ba tare da magani ba? Kuma mu sayi na'urar ko mu bari?

Daga mai kula da injuna, Sakkwato.

AMSA

Allah ya saka wa maigidanka da alheri, domin ba kowane mai masana'anta ke tunanin inda ruwansa ke gangarawa ba.

A taƙaice: gansakuka kam za ku iya korar ta ba tare da ɗigon magani ba, kuma da kuɗi kaɗan. Amma akwai wani abu da ke rayuwa cikin ruwan nan wanda ido ba ya gani, ya fi gansakuka haɗari nesa ba kusa ba, kuma saboda shi ba zan ce ku yi watsi da magani gaba ɗaya ba. Na'urar maganaɗisu kuwa, ku riƙe kuɗinku.

Dalilin da ya sa take son hasumiyarku

Gansakuka ƙaramin tsiro ne. Abu 3 take nema: hasken rana, ruwa mai ɗumi, da abinci. A Sakkwato duka ukun suna nan a wadace. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, ruwan da ke dawowa daga kwandensa kuma da ɗuminsa yake zuwa. Abincin kuwa iska ce ke kawo shi. Fankar hasumiya tana zuƙo iska dare da rana, ruwan yana wanke duk abin da ke cikinta: ƙura, busasshen ganye, kashin tsuntsaye, ƙwari. Yawancin hazon hunturu da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gawarwakin ƙananan tsirran ruwa. Ƙurar tana ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda yake cikin takin zamani. Duk hunturu ana tara wa hasumiyarku taki a gindi, da zafi ya shigo sai shuka ta tashi. Shi ya sa kake ganin ta a bazara.

Akwai kuma ruwan kansa. Hasumiya tana sanyaya ruwa ne ta hanyar barin wani kaso ya tafi a matsayin tururi, kusan kashi 1 cikin 100 na ruwan da ke zagayawa duk lokacin da aka sauke zafinsa da digiri 5 da rabi. Ruwa ne zalla ke tafiya, gishiri da ma'adanai su zauna. Yankin nan kuwa a kan dutsen farar ƙasa yake. Shi ne dalilin da ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967. Burtsatsen da ya ratsa wannan dutse ruwansa kan zo da nauyi, ba ya kumfa da sabulu, kuma yana barin farar kanta a jikin bututu. Kantar nan kaushi gare ta, a nan gansakuka ke samun wurin kamawa.

Mataki na farko: hana ta rana

Ka lura da tankunan ruwa na saman gidaje. Farin tanki mai shigar da haske yakan yi kore a ciki, baƙin tanki mai murfi kuwa sai ya shekara tas. Ruwa ɗaya, gari ɗaya, bambancin haske ne kawai. To, haka hasumiyarku take.

Ka zagaya ta da tsakar rana ka nemi duk inda hasken ke sauka a kan ruwa. Wuri 3 ne yawanci. Na farko tirelolin sama da ke rarraba ruwan zafi, idan irin buɗaɗɗiyar ce: a yi musu murfi na kwano ko roba mai kauri, wanda za a iya ɗagawa a duba. Na biyu gefen tankin gindi da ya fito waje: shi ma a rufe. Na uku tagogin shigar iska: a sa musu alluna masu karkata yadda iska za ta shiga amma rana ba za ta leƙa ba, ko a kafa ragar inuwa irin ta masu rainon tsirrai da ɗan tazara daga jikin hasumiya. Ragar za ta tare ganye da leda ma. Amma ka kiyaye: kada a kuskura a lulluɓe ta da tamfol ko a rufe bakin fanka na sama. Hasumiya da iska take aiki, idan ka shaƙe ta zafin kwamfuresa zai fi na da. Idan kuna da tankin ajiye ruwan cikawa, shi ma ya zama baƙi mai murfi, domin sau da yawa daga can irin gansakukar ke shigowa.

Wannan mataki shi kaɗai yakan kawar da mafi yawan koren da kake gani.

Mataki na biyu: hana ta abinci

Laka da ke kwance a gindin tanki ita ce rumbunta. A riƙa kwashe ta a kai a kai, musamman a ƙarshen hunturu kafin zafi ya kama. Masana'antar da ke da hali ta haɗa matatar yashi a gefe: a ja wani ɓangare na ruwan, tsakanin kashi 3 zuwa 10 cikin 100, ya bi ta yashi ya koma tanki. Irin matatar da masu fiya wata ke amfani da ita ce, kuma akwai masu haɗa ta a gari.

Sai zubar da tsohon ruwa da ƙa'ida. Ka samu mitar TDS mai auna yawan gishiri da ma'adanan da ke cikin ruwa, wadda ita ma masu fiya wata sun san ta. Ka auna ruwan burtsatse, ka auna na cikin hasumiya. Idan na hasumiya ya ninka na burtsatse sau 3 zuwa 4, lokacin ragewa ya yi. Ga lissafi: a ce lita 100,000 ke zagayawa a awa, zafi na sauka da digiri 5 da rabi. Kusan lita 1,000 za ta tafi a tururi. In kana son tsayawa a ninki 3, sai ka bar lita 500 ta riƙa fita a awa. A ninki 4, kusan lita 330. Ƙaramin bututu mai fitar da ruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa ya fi a bari sai wata ya cika a juye gaba ɗaya. Idan ruwanku mai nauyi ne sosai, ku tsaya a ninki 3, ko ku sa na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri a bututun cikawa.

Abu 2 kuma da ake mantawa. Wasu magungunan hana tsatsa suna ɗauke da fosfat, wato kana zuba wa gansakuka taki da hannunka, don haka ka karanta jikin jarka. In kuma injinku na amoniya ne, ko ƙaramin yoyo cikin ruwan ya isa ya ciyar da ita, yana kuma cinye maganin kulorin ɗin da kuka zuba.

Mataki na uku: kada ruwa ya kwanta

Ka bi bututu ka nemo rassan da aka toshe aka bar ruwa a ciki, a yanke su. Ka gyara bakunan feshi yadda ruwa zai jiƙa saƙar robar da ke cikin hasumiya ko'ina. In an ɗauke wuta ko an tsayar da aiki, a riƙa tada injin tura ruwa ya zagaya kullum. In tsayawar za ta wuce kwana 3 zuwa 5, a juye ruwan baki ɗaya, a wanke kafin a sake tashi. Babban wanki kuma aƙalla sau 2 a shekara. A Sakkwato na fi son ɗaya a ƙarshen Fabrairu, ɗaya bayan damina, a kuma tsara shi kafin azumi, lokacin da ba za ku iya tsayar da inji ba saboda neman ƙanƙara.

Batun na'urori

Fitilar UV tana kashe abin da ya bi ta gabanta, amma sai ruwa ya zama garau, don haka bayan matata ake sa ta. Ba ta kuma taɓa abin da ya riga ya manne a bango. Iskar ozon tana da ƙarfi, sai dai tana lalacewa da sauri a ruwa mai ɗumi, tana son wuta tsayayya da ƙwararren mai gyara.

Na'urar maganaɗisu da 'yan'uwanta kuwa an gwada su. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta ɗauki nauyin wani bincike a Jami'ar Pittsburgh wanda aka fitar a 2010. An gwada na'urori iri 5 da ake tallatawa a madadin magani, har da ta maganaɗisu da ta sautin da kunne ba ya ji. Babu ko ɗaya da ta hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a hasumiyoyin gwajin, amma kulorin ya hana. In mai talla ya matsa, ka ce ya bar muku ita wata 3 a bazara, a auna ruwa a ɗakin gwaji kafin da bayan, biya sai an ga sakamako.

Abin da ya fi gansakuka

Ka shafa hannu a bangon tanki inda rana ba ta kaiwa, za ka ji yauƙi. Wannan yauƙin gidan ƙwayoyin bakteriya ne, kuma ba ruwansu da haske. A cikinsu akwai wadda ake kira Lejiyonela, mai bunƙasa a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 20 zuwa 45, daidai da ruwan hasumiyarku. Ba ta shan ruwa aka fi kamuwa da ita ba. Fanka ce ke watsa feshin ruwa mai laushi a iska, mutum ya shaƙa ta shiga huhu, ta haifar da nimoniya mai tsanani: zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi. Ta fi kama tsofaffi, masu shan taba, masu ciwon suga da masu raunin jiki.

An gano ta ne bayan taron tsofaffin sojoji a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda mutum 182 suka kwanta, 29 suka rasu. A 2015 ta sake ɓulla a unguwar Bronx ta birnin New York daga hasumiyar wani otal, mutum 138 suka kamu, 16 suka rasu, har birnin ya kafa dokar yi wa kowace hasumiya rajista da duba ta. A wurinmu kuwa, inda zazzaɓi da tari ake fara danganta su da maleriya ko sanyi, mutum zai iya kamuwa ba a taɓa waiwayar hasumiyar da ke bayan katangarsa ba. Alhakin da maigidanka ke gudu a lambu yana nan a iska ma.

Saboda haka ruwa garau ba shaidar lafiya ba ce. Ku tabbatar akwai allunan tare feshi a ƙarƙashin fanka, kuma ba su karye ba. Mai wanki ya kashe fanka, ya sa takunkumin N95, musamman in da injin feshi mai ƙarfi zai wanke. Ku kai ruwa a ƙirga yawan ƙwayoyin cutar da ke ciki lokaci-lokaci. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sassan kimiyyar sinadarai da na ƙananan halittu, ku fara tambaya daga can. Sannan ku bar ɗan kulorin yana aiki a ruwan bisa awo, ku kuma wanke da shi a babban wanki. Da zarar an rufe rana, an rage laka, abin da za ku buƙata zai ragu ƙwarai, domin datti ne ke cinye yawancinsa. Kada a taɓa haɗa shi da asid.

Game da lambu da dabbobi

Kulorin ba ya daɗewa a ruwan da aka bari a buɗe. Ku gina ɗan tafkin siminti mai shinge, ruwan da kuke zubarwa ya kwana 1 ko 2 a rana, a auna da takardar gwaji irin ta masu wurin ninƙaya, sannan a sake shi. Wasu magungunan kashe gansakuka da na hana tsatsa ba sa tafiya haka, su ne ya kamata ku nisanta da lambun. Ka kuma gaya wa mai lambu cewa ruwan ya fi na burtsatse gishiri, ya riƙa haɗa shi da ruwa mai daɗi don kada ƙasarsa ta gaji. Dabbobi kuwa gara a aje musu kwami na ruwan burtsatse daban.

Shawarata ga maigidanka ita ce kuɗin da za a ba mai na'ura a sayi kwano, ragar inuwa, mitar TDS da matatar yashi. A fara da murfi a wannan makon, a rubuta awon ruwa kullum a littafi, kulorin kuma a rage shi bisa abin da gwaji ya nuna, kada a daina shi bisa ganin ido. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare ku da maƙwabtanku.