Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani hali da yawancinmu muke da shi, amma ba mu cika kula da shi ba, wato kai hannu ga abinci alhali ciki bai nema ba. Uwargida ce aka ɓata mata rai, sai ta koma madafa tana tsakurar ƙanzo har ta ga gindin tukunya. Magidanci ne bashi ya hana shi barci, sai ya zauna gun mai tsire yana ƙari bisa ƙari. Saurayi ne ya rasa aikin yi, sai ya yini a fada yana shan shayi mai sukari, butar farko har ta uku, a sake ɗorawa. Mace ce mijinta ya tafi bida shekara biyu babu aike, ba ta da abokin hira sai fanke da alewa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, idan damuwa ta cika cikin, mu kuma muka danna mata tuwo a bisa, ina za ta tafi?

Abin da ke faruwa cikin jiki

Wannan hali yana da sababi a halittar ɗan Adam, don haka kada mu yi gaggawar kiransa kwaɗayi ko raunin imani. A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarai cikin jini idan mutum ya shiga tsoro ko ɓacin rai. A farkon tashin hankali sha'awar abinci takan ɗauke, shi ya sa wanda aka yi wa rasuwa yakan yini bai sa komai a baki ba. Amma idan damuwar ta daɗe, kwana da kwanaki, sai wani sinadari mai suna kotizol ya yawaita, shi kuwa yakan ƙara wa mutane da dama sha'awar abu mai zaƙi da mai maiƙo. Ƙarancin barci, wanda shi ne abokin tafiyar damuwa, shi ma yana ƙara yunwa. Zaƙi da maiƙo suna kawo ɗan sauƙi na lokaci kaɗan, zuciya kuma ta riƙe wannan darasi. Gobe in ɓacin rai ya dawo, hannu ya riga ya san hanya.

A shekarar 1995 wasu mata biyu masana abinci a Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fitar da littafi a kan cin abinci bisa sauraren jiki. Sun shimfiɗa ƙa'idoji 10, waɗanda gindinsu shi ne mutum ya ci idan ya ji yunwa, ya tsaya idan ya ƙoshi, ya daina azabtar da kansa da dokokin rage ƙiba, ya kuma nemi hanyar rarrashin zuciyarsa wadda ba ta tsaya ga akushi kaɗai ba. Musulmin da ya karanta ladubban ci ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito, ya koya mana kasa ciki kashi uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. Babu awo ko mudu da zai nuna wa mutum inda sulusin cikinsa yake. Sai ya saurari jikinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda za mu bambanta yunwa biyu

Yunwar ciki sannu take zuwa. Ciki ya yi ƙugi, ƙarfi ya ragu, kuma an ɗauki sa'o'i rabon mutum da abinci. Tana karɓar abin da ya samu, in an ƙoshi kuma ta tafi, ta bar natsuwa. Yunwar zuciya kuwa farat ɗaya take faɗowa, sau da yawa bayan wata magana mai zafi ko wani tunani. Abu guda take so, kilishi ko soye ko lemun kwalba, ba ta yarda da waninsa. Ciki yakan cika ita ba ta ƙoshi ba, daga baya ta bar kunya da nadama.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, ya ba da wani ma'auni mai sauƙi cikin Ihya'u Ulumiddini, a babin karya sha'awar ciki: alamar yunwa ta gaskiya ita ce mutum ya yarda ya ci gurasa gaya, ba tare da mahaɗi ba. Mu gwada wannan a gidajenmu. Idan ranmu ya biya wani abu, mu tambayi kanmu: da za a kawo ɗumamen tuwon jiya ko farau-farau, za mu karɓa? In amsar i ce, yunwa ce, mu yi bismilla mu ci. In a'a ce, to wani abu daban ne yake kuka a cikinmu.

Takura tana ƙara wutar

Mai wannan hali, idan nadama ta kama shi, yakan yi rantsuwa: daga gobe babu karin kumallo, babu sukari har abada. Wannan ita ce hanyar da ta fi saurin mayar da shi inda ya fito. A shekarun 1944 da 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi bincike a jami'ar Minisota ta Amurka a kan samari 36 masu lafiya, waɗanda suka yarda a rage musu abinci zuwa kamar rabi har wata 6. Sun rame ƙwarai, fushi da baƙin ciki suka kama su, hirarsu da mafarkinsu duk suka koma na abinci. Da aka sakar musu, da yawansu suka dinga ci fiye da kima, suna cewa ba su jin ƙoshi. Jikin da aka hana shi haƙƙinsa sai ya rama.

Mu ma mun san wannan a ƙasarmu. Wanda ya ga yunwar 1984, ko ƙarancin abincin 2005 a jihohin Maradi da Damagaram, ko ya tashi a gidan da rumbu ke ƙarewa kafin kaka, ba abin mamaki ba ne ya riƙa ci da gaggawa kamar za a ƙwace masa, ko da Allah Ya yalwata masa daga baya. Irin wannan tausayi ya cancanta, zargi ba ya ƙara masa komai. Kuma muna ganin ƙaramin misali kowace shekara a lokacin buɗa-baki, inda wasunmu kan cika ciki har tsayuwar asham ta gagara. Addininmu ya hana ɗorin azumi ba tare da buɗa-baki ba, ya kwaɗaitar da sahur, kuma Manzon Allah (SAW) ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, a lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare.

Abinci yana rarrashi, amma da iyaka

Kada a fahimci cewa samun sanyin zuciya daga abinci laifi ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, idan aka yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ba waɗanda aka yi wa rashin, tana mai dogaro da koyarwar Annabi cewa yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Haka kuma da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu lura da abu biyu a nan. Na farko, sashen baƙin ciki aka ambata, ba dukansa ba. Na biyu, abincin ya zo ne ta hannun mutane, tare da zama da ta'aziyya. Ƙwaryar fura da maƙwabciya ta kawo ta zauna aka sha tare daban take da wadda aka shanye a ɓoye bayan ƙyaure.

Abin da za mu aikata

Na farko, mu tsare lokutan cinmu gwargwadon abin da Allah Ya hore. Mai damuwa da ya yini da yunwa, da dare ba zai iya riƙe kansa ba.

Na biyu, idan sha'awa ta taso ba lokacinta ba, mu jinkirta kaɗan, ko da gwargwadon alwala da raka'a biyu ne, mu kira abin da muke ji da sunansa: fushi ne, kaɗaici ne, gajiya ce, ko tsoron bashi? Sunna ta koya wa mai fushi ya nemi tsari da Allah, ya zauna in a tsaye yake. Mai gajiya barci yake bukata, mai kaɗaici ya ziyarci ɗan uwa, mai bashi ya je ya nemi a yi masa jinkiri. Kowace damuwa da ƙofarta.

Na uku, in bayan jinkirin har yanzu muna son abin, mu zuba a kwano, mu zauna, mu ambaci sunan Allah, mu ci a hankali muna jin ɗanɗanonsa. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai haɗiya da sauri kuwa yakan wuce iyaka kafin saƙon ya iske shi.

Na huɗu, in mun zarce, mu bar zagin kanmu. Mu duba abin da ya jawo, mu ci abincinmu na gaba kamar yadda muka saba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, mu kula da yaranmu. Idan duk kukan yaro da alewa ake kashe shi, ko ana dukansa sai ya suɗe kwano alhali ya ƙoshi, muna koya masa ya toshe kunne daga jikinsa. A zuba masa kaɗan, in bai isa ba a ƙara, ragowar kuma a adana ko a ba mabukaci, babu almubazzaranci a cikin wannan.

Gargaɗi

Mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai juna biyu, su bi tsarin da lokotoro ya ba su, kada su dogara ga jin jikinsu kaɗai. Wanda kuma yake cin abinci mai yawa a lokaci guda, a ɓoye, yana jin ba ya iya tsayawa, ko yake tilasta wa kansa amai bayan ci, ko baƙin ciki ya zauna masa makonni ya hana shi barci da aiki, ya sani wannan ciwo ne da masana lafiya suka sani, kuma ana maganinsa. Ya je gidan likita, ya haɗa da addu'a. Neman magani ba ya warware tawakkali. Mu kuma ƴan uwansa da matansa da abokansa, mu kama bakinmu daga yi masa ba'a a kan ƙiba ko rama, mu tambaye shi abin da ke damunsa.

Allah Ya sanya albarka cikin abin da Ya azurta mu da shi, Ya yaye wa mai damuwa damuwarsa, Ya ciyar da wanda bai samu ba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.