Ciyar da tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye

Uwargida, in kina jinyar tsoho ko tsohuwa da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ki sani lokacin cin abinci ya fi kowane lokaci hatsari a gare shi. Shanyewar jiki takan raunana maƙogwaro, sai abinci ya kauce hanya ya faɗa huhu, ciwon huhu ya biyo baya.

Kada ki ba shi komai yana kwance, ko da kurɓin ruwa ne. Ki tada shi zaune, ki tokare bayansa da matashi, haɓarsa ta ɗan sunkuya. Ki sa cokali ta gefen bakin da ke da lafiya, kaɗan-kaɗan, ki jira ya haɗiye kafin ki ƙara. Mutane da yawa suna zaton kunu mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin sha, alhali shi ne ya fi sa irin wannan majinyaci ƙwarewa, domin yana gangarawa kafin maƙogwaro ya shirya. Ki dama kunun hatsi da kauri, ba gudaji, ki ƙarfafa shi da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da madara, da cokalin mai, da garin zogala. Tun da cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa, gara kaɗan sau 5 a yini da kwano cike sau 2.

In ya gama, ya ci gaba da zama na minti 30. Ki duba cikin kumatunsa, don loma takan maƙale a gefen da ba ya ji, sannan ki goge masa baki.

Mun san kunyar hana surukuwa abin da ta gani a hannun jika. Amma Plumpy'Nut da aka ba yaro mai tamowa magani ne da aka ƙidaya daidai da nauyinsa. In an raba shi, yaron ba zai murmure ba.

Ku kuma masu wayar da kai na gari, in kun shiga gida awon hannun yara, ku leƙa ɗakin tsohon ku gaishe shi, ku tambayi wa ke ba shi abinci. In yana tari duk lokacin da ya sha, ko muryarsa na gurgura bayan haɗiya, ko ya rame ƙwarai, a kai shi CSI. In zazzaɓi ya haɗu da numfashi da sauri, a kai shi a ranar.