Kare da igiya: darasi ga masu garka da makiyaya

A nan ƙasar Agadas babu wanda zai saki raƙuminsa cikin kasuwa ba akala. Amma kare, wanda haƙorinsa ke iya ɗauke da ajali, sai mu bar shi yana yawo daga wannan unguwa zuwa waccan, yana cin juji, yana faɗa da karnukan da ba su da mai su.

Mun san amfanin kare. A garake na Timiya da Tabelot shi ke gadi da dare, a rugar makiyaya kuma shi ke korar dila daga ƴan awaki. Sai dai karen da ya haɗu da dila ko wani mahaukacin kare yana iya komowa gida da ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Idan ta shiga jiki ta wurin cizo, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, kuma da zarar ta bayyana, to, sai dai haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Raƙumi da jaki da akuya ma suna kamuwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun kwikwiyo yana da wata 2 ko 3 za mu sa baduku ya ɗinka masa abin wuya na fata mai laushi. Kada a matse: yatsa 2 su iya shiga tsakanin fatar da wuyansa. Waya ba abin ɗaurin dabba ba ce, tana yanka wuya, ƙuda su bi miki. Kwanakin farko a bar shi ya saba da igiya cikin gida. Sannan a fita da shi. In ya ja, mu tsaya cik, kada mu finciko shi. In ya komo gefenmu igiya ta saki, mu ba shi ɗan abinci, mu ci gaba. Da haka yake gane cewa ja ba ya kai shi ko'ina. Duka kuwa tsoro yake koya masa, karen da ke jin tsoro shi ne mai saurin cizo.

Akwai kuskuren da muke yawan gani: a ɗaure kare a turke dare da rana, cikin zafin bazara, ba inuwa ba ruwa. Irin wannan kare yakan zama mugu, ranar da igiya ta tsinke yaron maƙwabta ne zai sha wuya. A ba shi inuwa da ruwa, a zaga da shi da safe ko da marece, lokacin da rairayi bai ƙona ƙafa.

Igiya ba ta maye gurbin allura. In kwikwiyo ya cika wata 3, a kai shi ma'aikatar kiwo a yi masa rigakafi, a riƙa sabuntawa yadda likitan bisashe ya faɗa. Ana yi wa mutane allurar wannan ciwo tun 1885, shekarar da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da ita a Faransa.

Idan cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, kada a zuba toka ko ƙasa, a tafi asibiti ran nan, ko da ƙwarzane ne. Karen kuma, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi inda yara ba su kai, a sanar da likitan bisashe ya lura da shi aƙalla kwana 10.