Kuɗin Komawa Gida Ba Na Ciniki Ba Ne

Ɗana, na ji an ce bana kai maigidanka zai tura sarin kaya, ka bi ta Jibiya ka shiga Maraɗi, daga nan sai inda ciniki ya kai ka. Madalla, Allah ya sa a fita a sa'a. Faɗa a kan salla a hanya da abokan banza na san iyayenka sun yi maka, ba sai na maimaita ba. Ni zancen kuɗi zan yi maka, don yawancin waɗanda tafiya ta wulaƙanta ba ɓarawo ne ya tare su ba. Da dukiyarsu a banki, amma ga su zaune a tashar garin mutane ba su da na shayi.

Tun kafin ka lissafa jari, ware kuɗin komawa gida. Ka ƙiyasta kuɗin mota daga wuri mafi nisa da za ka kai har ƙofar gidanku, ka ɗora na abinci da masauki na 'yan kwanaki, ka ƙulle shi daban, tsabarsa, cikin kuɗin ƙasar da za ka. Sannan ka manta da shi. Ranar da jarinka ya ƙare, ranar ce za ka ga kayan da suka fi kowanne araha, zuciya ta ce taɓa kaɗan, ai gobe za a turo maka daga gida. Kada ka biye mata, goben nan ba a hannunka take ba. A Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa ba shiri, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024. Motocin kaya suka yi jerin gwano a bakin iyaka, bankunan Nijar kuma suka taƙaita abin da mutum zai iya cira. Wanda ya rage da 'yan kuɗi a lalita ya ci abinci, ya nemi hanyar gida. Wanda ya juye komai cikin kaya, sai dai ya karyar da su ko ya miƙa hannu. Addini ya sanya matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin jinsi takwas da ake bai wa zakka, ko da attajiri ne a garinsu. Rahama ce daga Ubangiji, amma ban so sakaci ya sa ka buƙace ta.

Sauran ma kada ka tara su wuri guda. Na kashewa a hanya, ƙananan takardu da silalla, su zauna a aljihun gaba, na ruwa da na ɗan dako da na mai babur. Jari kuwa a jikinka, cikin lalita ko aljihun 'yar ciki, ba a jakar da yaran mota za su ɗaure a sama ba. Kuma don Allah kada ka zaro damin takardun sefa 10,000 don ka sayi ƙosai. Mai ƙosan ba ta da canjinsu, ka kuwa nuna wa duk tashar inda kake ajiya. Akwai waɗanda aikinsu ke nan tun safe, kallon hannun baƙo. In za ka taɓa jari, shiga shagon mai masaukinka ko makewayi, ciro iya abin da za ka biya, ka fito da shi a wani aljihun.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, kuɗin zamanin kuwa wuri ne. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 take, ka ga jarin kirki sai an ɗora wa jakuna. Shi ya sa suke ɗaukar kanwa da tufafi da kayan fata, suna saidawa zango-zango suna cin abinci, madugu yana daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa. In sun isa, fatoma ne ke sauke su, ya adana musu dukiya, ya samo masu saye, ya tsaya musu in an yi bashi. Dukiyarsu ba ta taɓa zama iri ɗaya a hannu ɗaya ba. Ku yanzu an haɗa muku komai cikin waya, kuna ganin an huta. An huta ɗin, har ranar da wayar ta mutu.

To, zancen canji, nan ne yara suka fi asara ba tare da sun sani ba. Sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda ake kashewa a ƙasashe takwas, ciki har da Nijar, Binin, Togo da Burkina Faso. Akwai ta Afirka ta Tsakiya, ta su Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, duka an ɗaure su da Yuro, kusan sefa 656 a Yuro ɗaya, amma takardunsu daban. Ka kai ta Maraɗi kasuwar Marwa ko Njamena, mai shago zai maido maka, ɗan canji kuma sai ya cire nasa kafin ya musanya. In wata rana tafiyarka ta karkata gabas, ka faɗa wa mai canji ƙasar da za ka, ka duba takardar da idonka.

Naira kuma ba a ɗaure take ba. Tun da aka sake ta a Yunin 2023, dalar Amurka da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Farashin da abokinka ya canza makon jiya labari ne kawai. Ranar da za ka canza, tambayi mutum biyu ko uku a kasuwar 'yan canji ta Wapa kafin ka miƙa wa kowa, ka kuma kira wanda ke bakin iyaka ka ji nasu. Wanda ya biyo ka da gudu yana ba ka farashin da ya fi na kowa daɗi, rabu da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Nemi mai shago ko teburin da aka san shi da shi, wanda in ka dawo gobe za ka tarar. Zauna ka ƙirga a gabansa, takarda bayan takarda, ba gefen dami kawai ba, don a tsakiya ake cusa yagaggu da jabu da ƙanana. In ka gama ya ce kawo ya sake dubawa, to in ya maido maka sai ka ƙirga daga farko. Babu kunya a nan, shi ma haka yake yi wa naka. Malamai sun ce musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi kafin a rabu, kuma ko a kasuwance hakan ya fi kwanciyar rai. Ban da ba ni yanzu ka dawo da la'asar.

In ka shiga Nijar ka buɗe kunne, lissafinsu da dala ne, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai tebur ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi. Ya ce ɗari, 500 ke nan. Jika ɗaya 1,000. Hausa ɗaya kuke yi da shi amma ƙidaya ta bambanta, kuma baƙi da yawa sun sallama ciniki suna murnar araha, sai wajen biya aka ga ninki biyar ne. A manyan ciniki ku buga adadin a kalkuleta ko a waya, kowa ya gani, kafin a ce an sallama. A Gana ma za ka iya haɗuwa da dattijon da har yanzu ke lissafi da tsohon sidi, duk da tun 2007 aka yanke sifili huɗu, 10,000 na da suka koma sidi 1.

Idan dalar Amurka za ka riƙe, nemi sabuwar takardar 100 mai shuɗin zare, wadda aka fitar a 2013. Tsohuwa da ƙananan takardu 'yan canji sukan rage musu farashi, mai tabo ko yagewa kuma wani ma ba ya karɓa. Ka lura kuma takardun dala duk girmansu ɗaya, 1 da 100 a hannu ba su da bambanci. Da wannan ake cutar tsofaffinmu a aikin Hajji, wani ya ce kawo in canzo miki, ya maido musu ƙananan. In Allah ya kira mahaifiyarka, zaunar da ita ka nuna mata takardun guzurinta ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa mata dala ɗaya Riyal 3.75 ce a farashin hukuma, shekara da shekaru bai motsa ba, abin da shagon canji zai rage kaɗan ne.

Kati da waya ban hana ka ba. Ni ma da su nake biyan kuɗin makarantar jikoki, kuma gara a bar babban jari a asusu da a ratsa daji da shi a ƙugu. Sai dai ka san inda suke ba da kunya. Bankinka yakan turo lambar tabbatarwa ta layin da ka yi rajista da shi. Ka tsallaka iyaka, layin ya daina kamawa, ko ka cire shi ka sa na can, shi ke nan, kuɗinka na kallon ka kana kallon su. Kafin ka tashi ka tabbatar layin zai yi aiki a waje, ka sa masa kati, ka bar shi a cikin waya. Ka shiga banki ka tambaya ko katinka na naira zai ci a ƙasar waje, kuma nawa ne iyakarsa, don a 2022 bankuna da yawa sun dakatar da hakan, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, kowanne da ƙa'idarsa. In na'ura a can ta tambaye ka da wane kuɗi za a caje ka, zaɓi na ƙasar da kake, farashin da na'urar ke yankewa da kanta yakan fi tsada. Kada kati ya bar idonka a wurin mai POS, kada wani mai taimako a bakin ATM ya riƙe maka shi. Lambar wayar banki ta toshe kati, da ta maigidanka, da ta mai masaukinka, rubuta su a takarda ka sa a lalita. Yaran yanzu ko lambar uwarsu ba su haddace ba.

Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000. Tsaba ta ɓace, aka kwana a layin banki, masu POS suka riƙa sayar wa mutane kuɗinsu, turawa ta waya kuma sai ta maƙale, an cire a nan ba ta isa can ba. A gida ke nan, inda kake da dangi da mai ba ka bashi. Auna irin wannan a garin da ba wanda ya san ubanka.

In kai ne mai sayarwa, saƙon alat ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma haka. Buɗe asusunka ka ga sun zauna, sannan a ɗauki kaya. Mai gaskiya zai jira.

A Nijar za ka tarar da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana a kusan kowane gari, 'yan kasuwa na zuba kuɗi a Maraɗi su karɓa a Yamai ko Agadas, su bi hanya da aljihu sakayau. La'adar da ake cira ba ta kai haɗarin hanya ba. Ka dai ba da sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka, kada ka ba da laƙabin da ake kiran ka a kasuwa. Ga kuma doka: a Najeriya duk wanda zai fita ko zai shigo da abin da ya haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsu, dole ya bayyana wa kwastan. Bayyanawa ba ta sa a ƙwace. Ɓoyewa ce ke sa a ƙwace, har a kai mutum kotu, ko da guminsa ne.

Saura kuɗin mutane, wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Da an ji za ka yi tafiya, 'yan aike za su taso. Gwaggo na son atamfa, maƙwabci na son takalmi, abokinka ya ce ga nawa a juya mini. Wanda ba za ka iya ba, ka ba da haƙuri tun a gida, ɓacin ran yini ɗaya ne. Wanda ka karɓa, rubuta a littafi a gaban mai shi: sunansa, nawa ya bayar, me yake so, a wane farashi aka canza. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka kada wani ya ce maka rubutu rashin yarda ne. Kada ka cakuɗa na aike da jarin maigida, kada ka ranci wannan ka cike wancan da niyyar gyarawa in an dawo. Kowane dare kafin ka kwanta, rubuta abin da ya fita a ranar, har na shayi da abin da aka karɓa a shingen hanya. Maigida yakan yafe faɗuwa, don shi ma ya san kasuwa. Abin da ke sa ya daina tura yaro shi ne a tambaye shi ina kaza ta shiga ya tsaya sosa ƙeya.

Mai masaukin da maigidanka ya haɗa ka da shi, riƙe shi da kyau. Baƙo ko da ido makaho ne, shi zai nuna maka ɗan canjin kirki da dillalin da za ka kauce wa, shi zai tsaya maka in wani abu ya taso da jandarma ko 'yan duwan, wato kwastan ɗin can. Kai masa tsaraba, ba shi la'adarsa cikakkiya, kada ka zagaye shi don ribar rana ɗaya.

Ka bar wa iyalinka na cefane kafin ka fita, kada ka ce sai ka isa ka turo. Daren da za ka tashi ka biyo ta nan da littafin naka mu duba lissafin tare. Allah ya kiyaye hanya, ya maido ka lafiya.